Babi na Bakwai: Farautar Littafin Itatuwa

Littafin ba shi da bango. Yana can ƙarƙashin tulin tsofaffin littattafan lissafi da na koyon Turanci, a kan wata leda da aka shimfiɗa a bakin titi cikin Sabon Garin Kano, an danne shi da rabin bulo don kada iska ta yi wasa da shi. Kaurinsa ne ya ja ni. Na tsuguna na zaro shi, na hure ƙurar hunturu, na fara buɗe shafukan farko. Hotuna ne reras, ƙanana ƙanana, kowanne da sunansa a ƙasa. Ban yi nisa ba idona ya faɗa kan wata shuka a cikin tukunya, gindinta a kumbure kamar tulu, rassanta gajeru masu kauri, furanninta ruwan hoda. An rubuta mata Adenium obesum, aka kuma yi bayanin yadda za a lallaɓa ta a ɗakin gilashi, a kiyaye ta daga sanyi, a riƙa auna mata ruwa.

Dariya ta kuɓuce mini. Kariya ce. Ita dai kariyar da ke tsaye a gindin dutsen garinmu, ba mai ba ta ruwa, ba mai yi mata shinge, wadda iyayenmu ke hana mu taɓa ruwan jikinta saboda dafi. Ashe a wata ƙasar 'yar gata ce.

Na ce, “Malam, nawa wannan?”

Ya ce, “Ranka ya daɗe, wannan babban littafi ne, daga Ingila ya zo.”

Na ce, “Ai ko bango ba shi da shi.”

Ya ce, “Bangon za ka karanta?”

Muka daidaita. Na rungumo shi har gida, kuma tun daga ranar ciwon ya kama ni. Yau in na ga tulin littattafai a bakin hanya, ko sauri nake yi sai na tsaya.

Abin da hoto ke iyawa

Mai lambu da mai sha'awar itatuwa tambayarsu ta farko iri ɗaya ce: mene ne wannan? Sauran tambayoyin, na yawan ruwa da lokacin dashe da maganin tsutsa, duk suna jiran amsar wannan. Bayani da kalmomi kaɗai yana da wuyar bi. A ce maka ganye mai tsawo, mai ɗan kaifi a baki, kore mai duhu, ai rabin itatuwan daji ke nan. Hoto kuwa da kallo ɗaya yake raba gardama.

Masana tsirrai sun daɗe da gane haka. Littafin da aka fi ɗauka a matsayin na farko da aka ƙawata da hotunan ɗauka a duniya, na tsirrai ne. Wata Baturiyar Ingila, Anna Atkins, ta fara fitar da shi a 1843, a kan ciyayin teku. Ba ta ma yi amfani da kyamara ba. Takan ɗora ciyawar a kan takardar da aka shafa wa sinadari, ta shanya a rana, sai takardar ta koma shuɗiya, siffar ciyawar ta fito fara tas. Daga wannan zuwa irin kundin da na saya akwai tafiya. Kundin da ƙungiyar masu lambu ta masarautar Ingila ta fitar a 1996, wanda Christopher Brickell ya jagoranci tsarawa, ya ƙunshi shuke-shuke sama da 15,000 da hotuna kusan 6,000.

Sai dai hoto yana da nasa ha'incin. Itace ɗaya yake nunawa, a rana ɗaya, daga gefe ɗaya. Ɗauki gawo. Duk itatuwan gona da damina suke ganye, shi kuwa da damina yake zubar da nasa, sai rani ya yi kore shar. Wanda ya ɗauki hotonsa a Agusta da wanda ya ɗauka a Janairu, in suka haɗa hotunan, baƙo zai rantse itatuwa biyu ne. Hoto ba ya faɗin girma sai an ajiye wani abu a gefe don gwaji. Ba ya kawo ƙanshi, ba ya kawo ɗaci. Shi ya sa har gobe manyan littattafan ƙwararru ke riƙe da zanen hannu, domin mai zane yana iya haɗa ganye da fure da kwanso da iri a shafi guda, ko da ba a lokaci ɗaya itacen ke fitar da su ba. Littafi mai kyau yakan haɗa biyun.

Likitan da ya bi sunaye

Duk wanda ya shiga wannan harka a ƙasar Hausa zai yi karo da suna ɗaya: Dalziel. John McEwen Dalziel likita ne ɗan Sikotlan, an haife shi a 1872. Ya yi aiki a ƙasar Sin kafin ya shigo aikin likitanci na gwamnatin mulkin mallaka a Afirka ta Yamma a 1905. A garuruwan Arewa da aka tura shi, irin su Sakkwato da Katagum da Yola, ya riƙa tsinko tsirrai, yana busar da su a tsakanin takardu, yana tambayar mutanen gari sunayensu da amfaninsu. A 1916 aka buga masa ɗan littafi a Landan, A Hausa Botanical Vocabulary. Siriri ne, ba hoto ko ɗaya, an jera sunayen Hausa bi da bi, kowanne da sunansa na kimiyya da ɗan bayani.

Daga baya ya koma lambun Kew da ke Landan, inda shi da John Hutchinson suka rubuta Flora of West Tropical Africa, wanda ya fito kashi-kashi daga 1927 zuwa 1936. A 1937 ya biyo da The Useful Plants of West Tropical Africa, littafin amfanin tsirrai: wanda ake ci, wanda ake magani da shi, wanda ake rini, wanda ake jima. Aikin ya yi nauyin da bayan rabin ƙarni wani masani, H. M. Burkill, ya sake faɗaɗa shi, ya zama juzu'i shida tsakanin 1985 da 2004. Hano ma, itacen nan mai ɓawo kamar takarda da ake turare da ƙaronsa, sunan likitan yake ɗauke da shi a duniyar kimiyya: Boswellia dalzielii.

In ka zauna da waɗannan littattafai sai wani tunani ya zo maka. Kowane layi a cikinsu daga bakin wani ya fito. Wani maharbi ne ya ce wannan saiwar ana jiƙa ta, wata ungozoma ce ta ce wannan ganyen na wankan jego ne, wani majemi ne ya nuna kwanson bagaruwa. Likita ya rubuta, sunansa ya hau bango, har ya hau itace. Su kuma masu ilimin an rufe su ba a san sunansu ba. Ba na faɗin haka don rage masa lada, domin ba don alƙalaminsa ba da da yawa daga cikin sunayen sun bi masu su kabari. Ina faɗa ne don mai farauta ya san abin da yake bi. Kayan gidansu ne suka yi tafiya zuwa Turai, suka dawo a ɗaure cikin takarda.

Suna ɗaya, sunaye goma

Matsalar sunan gida ita ce ba ya zama wuri ɗaya. Itacen da ya cika titunanmu, wani ya ce darbejiya, wani dogonyaro, wani maina, wani bedi. Daga Indiya asalinsa, bai fi ƙarni guda da zama ruwan dare a wajenmu ba, amma ya riga ya tara sunaye kamar ɗan sarki. A ɗaya gefen kuma, suna ɗaya yakan rufe itace biyu. Kalgo iri biyu ne: akwai mai ƙananan ganye marasa gashi, wanda ya fi yawa a arewa inda ruwa bai da yawa, akwai mai manyan ganye da gashi-gashi a bayansu, wanda ya fi son inda damina ke da ƙarfi.

A nan sunan kimiyya ke da rana. Tsarin suna biyu-biyu, na dangi da na nau'i, ya kafu ne daga littafin Linnaeus, masanin ƙasar Suwidin, na 1753. Da wannan sunan za ka buɗe littafin Faransanci ko na Jamusanci ka san zancen itacen ƙofar gidanku ake yi. Cikin sunayen kuma akwai tarihi a ɓoye. Kuka tana ɗauke da sunan Michel Adanson, Bafaranshen da ya yi bincike a Sanagal. Ɗorawa, Parkia, tana ɗauke da na Mungo Park. Tsamiya kuwa an laƙaba mata Tamarindus indica, daga laƙabin Larabawa na dabinon Indiya, alhali 'yar Afirka ce.

Kada dai a ɗauka sunan kimiyya ba ya motsi. Gawo a tsofaffin littattafai Acacia albida ne, a sababbi Faidherbia albida. Kaɗanya ta tashi daga Butyrospermum ta koma Vitellaria paradoxa. Babbar rigima ita ce ta sunan Acacia kansa, wanda taron masana na duniya a Biyana a 2005, da na Melbon a 2011, suka bar wa itatuwan Ostareliya. Bagaruwa ta koma Vachellia nilotica, dakwara mai ƙaro ta koma Senegalia senegal. Saboda haka littafi ɗaya ba ya isa. Na da yana riƙe da sunan Hausa, na yanzu yana riƙe da hoto da sabon suna, kai kuma kana tsakiya kana ƙulla su.

Har rubutun Hausar sai an koya. Baƙaƙe masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, ba su zauna a boko ba sai a shekarun 1930, kuma tsofaffin marubuta da ch suke rubuta abin da muke rubutawa da c. Mai neman ceɗiya a littafin 1916 sai ya leƙa wajen ch. A littattafan Nijar da aka rubuta da ƙa'idar Faransanci za ka ga gao da adoua da kouka. Sai ka furta da baki kafin ka gane gawo ne da aduwa da kuka.

Kalandar wata ƙasa

Na koma kan kundina marar bango. Ya koya mini sunayen furannin da masu sayar da shuke-shuke ke jerawa a bakin titi, ya kuma kusa kashe mini lambu. Marubutansa a Ingila suke, abokin gabarsu ƙanƙara ce. In sun ce a ajiye shuka inda rana ke duka sosai, ranarsu suke nufi, mai laushi. Na bi wannan shawara a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke kai maki 40, cikin kwana uku tukwanena suka zama kamar an babbake su.

Abin mamaki, ruwan da ke sauka a Kano a shekara bai gaza na Landan ba. Bambancin shi ne nasu yayyafi ne da ke rarrabuwa a kan wata goma sha biyu, namu kuwa a wata huɗu zuwa biyar yake zubowa gaba ɗaya, sannan sama ta rufe bakinta. Kalandar sai ta juye. Watannin da littafin ke cewa a rufe lambu a shiga ɗaka, su ne watannin da mai noman rani yake cikin fangalinsa. Latas da kabeji da karas da albasa da tumatir, sanyin hunturu suke so. Je ka Kadawa a Disamba ko Janairu, inda ruwan madatsar Tiga ke bi ta magudanai, ka ga tumatir iya ganinka. Da bazara ta kankama furen tumatir yakan zube bai ƙulla ba. Abin da littafin Ingila ya faɗa kan sitiroberi zai fi yi wa manomin tudun Jos amfani a kan na Gumel.

Ko littafin ƙasashe masu zafi sai an duba wane zafin. Shahararren littafin H. F. Macmillan kan lambu a ƙasashen zafi, wanda ya fara fitowa a 1910, a tsibirin Silon aka rubuta shi, wato Siri Lanka ta yau, ƙasar ruwa da laima. Darasin da na biya kuɗinsa da shuke-shukena shi ne: kafin ka tambayi littafi abin da ya ce, tambaye shi a ina marubucinsa ya riƙe fartanya.

Waɗanda suka fi kusa da mu suna nan, sai dai samunsu aiki ne. Akwai na H.-J. von Maydell kan itatuwan Sahel, wanda ya fito da Faransanci a 1983, da Turanci a 1986, mai hotuna masu launi da jerin sunayen gida har da na Hausa. Akwai Trees of Nigeria na R. W. J. Keay, na 1989. Akwai ɗan littafin Z. O. Gbile na sunayen tsirrai da Hausa, wanda cibiyar binciken gandun daji ta Ibadan ta buga a 1980. Akwai na Akobundu da Agyakwa kan ciyayin da ke damun gona, na 1987, wanda ke nuna maka abokin gaba ido da ido. Sarkinsu a wurina shi ne na Michel Arbonnier kan itatuwan busassun yankunan Afirka ta Yamma, na Faransanci a 2000, na Turanci a 2004, mai nau'i wajen 360 da hotuna kusan 1,300. Abin da ya sa nake sonsa, yana nuna ɓawon itace da launin da ke fitowa in an sare shi, wato daidai inda mai maganin gargajiya ke dubawa in an kawo masa sassaƙe.

Dabarun farauta

Irin waɗannan littattafai ba safai ake samunsu a kantar shago ba. Littattafan Kasuwar Kurmi galibi na addini ne, shagunan cikin gari kuma littattafan makaranta suka fi ajiyewa, don su ke tafiya. Namu sai a wajen 'yan gwanjo, cikin dilar da aka kwance, ko a garuruwan da malaman gona suka zauna, irin Samaru ta Zariya. Hanya mafi yawa kuwa mai ban tausayi ce. Tsohon malamin daji ko malamin gona ya rasu, magada sun raba gida da gona, an bar akwatin littattafai a zaure ba mai so. In an yi sa'a ya faɗa hannun mai sayar da littattafai. In ba a yi ba, ya faɗa hannun mai ƙosai. Na taɓa warware ƙunshin tsire na ga zanen ganyen marke a jikin takardar, mai ya jiƙa shi. Na koma wajen mai tsiren da sauri, ya nuna mini abin da ya rage, shafi goma sha wani abu.

Shekaru sun koya mini 'yan ƙa'idoji. In na ɗauki littafi, baya nake fara buɗewa. Littafin tsirrai da fihirisarsa ta yage kamar rumbu ne marar ƙofa. Sannan in duba shafukan hotuna, domin su yara ke fara cirewa. In ɗaga shi in karkaɗa, in gari ya zubo, gara ko asu sun riga ni. In duba shekarar bugu, don in san da wane zamanin sunaye zan yi hulɗa. In na ga hatimin laburaren wata makaranta ba tare da alamar an sallame shi ba, nakan ajiye, domin wanda ya sayi kayan sata ya taya ɓarawo. Wanda aka yi wa fotokwafi ba na ƙinsa in rubutu nake nema, amma hoton fure da ya koma baƙi da fari ba shi da sauran amfani.

Sai kuma fuska. Mai sayarwa ba littafin yake karantawa ba, kai yake karantawa. In ya ga hannunka na rawa, kuɗi ya ninka. Nakan haɗa wanda nake so da wasu biyu da ban damu da su ba, in taya su a dunƙule. Amma dabarar da ta fi kowace ita ce zumunci. Akwai wani dattijo da na shekara ina tsayawa wajensa, wani lokaci ba na sayen komai, gaisuwa kawai. Wata rana ya hango ni ya ce, “Alhaji, zo, na ajiye maka mai ganyen nan naka.” Ya jawo buhu daga ƙarƙashin benci, ya fito da von Maydell, cikakke, ba abin da ya taɓa shi. Sabo da maza jari.

Yanzu waya ta sauƙaƙa wasu abubuwa. Littafin Dalziel na 1916 yana intanet kyauta, haka dogon jerin sunayen tsirrai na Hausa da Roger Blench ya tattara. Akwai manhajoji irin Pl@ntNet da za ka nuna wa ganye su faɗa maka suna. Ina amfani da su, sai dai sun fi ƙwarewa a tsirran wuraren da aka fi aiko musu da hotuna, kuma in suka yi kuskure da gadara suke yi. Ga shi kuma waya abin da ka tambaya kaɗai take ba ka. Littafi kuwa, kana neman kurna sai ka yi tuntuɓe da magarya a shafin da ke kusa, ka gane 'yan ɗaki ɗaya ne.

A gindin itace

Ranar da na sami na Arbonnier, ban iya haƙuri ba, na ɗauke shi zuwa fadamar garinmu wajen wani tsoho mai lambu da na sani tun ina yaro. Bai yi boko ba. Na zauna kan kunyar fangali ina buɗe masa, shi kuma yana kiran sunaye tun kafin in gama juya shafi: kanya, ɗinya, sabara, taura, maɗaci. A wani shafin ya dakata, ya matso da shi kusa da ido.

Ya ce, “Wannan hano ne. Amma wa ya ɗauke shi da ganye haka? Mu da rani muke zuwa wajensa.”

Na ce, “Baba, ka san da sunan wani Bature ake kiransa a duniya?”

Ya ce, “Shi ya shuka shi?”

Na ce a'a.

Ya yi murmushi, ya shinshina shafin, ya miƙo mini. Ya ce, “Ba ya ƙanshi. In kana son ka san shi, gobe ka zo da wuri mu hau dutse.”

Muka hau. Ya ɓantaro ɓawon ya murza mini a tafin hannu, ya nuna mini inda ƙaro ke tsattsafowa, ya faɗa mini abin da mahaifiyarsa ke yi da shi, ya kuma ambaci wani suna na biyu, ararraɓi. Na zaro fensir na rubuta a gefen shafin: sunan, da garin, da ranar, da wanda ya faɗa mini. Wannan na ƙarshen shi ne abin da littattafan da suka gabata suka bari.

Tun daga nan gefen shafukan littafin ya fara cika. A da ina jin haushin in sayi littafi in tarar wani ya yi rubutu a ciki. Yanzu irinsu nake nema, domin malamin dajin da ya rubuta sunan Hausa da biro a ƙarƙashin hoto ya bar mini abin da mawallafin bai sani ba. Littafin da nake farauta har yau shi ne wanda zai zo da Hausa tun daga bango har bango, da hoton kowane itace a damina da rani, da sunansa na Katsina da na Damagaram da na Zazzau, da kalandar da ta san hunturu da bazara. In an tashi rubuta shi, daga irin waɗannan gefen shafukan za a tattaro shi.

Tsohon ya rasu shekara biyu bayan hawanmu dutse. Sunansa yana gefen shafin hano a littafina, da fensir. Na gaya wa 'ya'yana, in ta Allah ta kasance, su raba komai yadda shari'a ta ce, amma akwatin littattafaina kada a bar shi a zaure.